Taswirar Hayaƙin Yaya Minti-Biyu

Mai karatu, ka taɓa ganin mutumin da kwamfuta za ta ce masa ya yi kuskure, shi kuma ya ce ai ita ce ba ta da tarbiyya? Idan ba ka taɓa gani ba, to ba ka san yayana ba.

A unguwarmu Minti-Biyu ake ce masa, domin duk abin da aka kawo masa, waya ce ta faɗa ruwa, rediyo ne ya daina magana, amsarsa ɗaya ce: "Wannan ai aikin minti biyu ne." Fankar Umma tana kwance a ɗakinsa, hanjinta a waje, tun ina tsakiyar karatun jami'a. Ga shi har na gama, ita ba ta gama minti biyunta ba.

A bayan layinmu akwai masana'antar narka tsohon ƙarfe, mai wani dogon bututu da ba ya hutawa. Mai wankin layinmu zai shanya farar riga, ya kwashe ta ruwan toka. Umma kuwa tari ya sa ta gaba, har ta daina buɗe tagar ɗakinta, duk zafin da ake yi. Ƙungiyar unguwa ta kai ƙorafi hukumar kula da muhalli, aka ce mana surutu ba hujja ba ne, a kawo awo. Wata jami'a za ta zo ta saurare mu sau ɗaya tak. Idan ba ta ga hujja ba, za a rufe ƙorafin, a ba masana'antar izinin kafa bututu na biyu da take nema.

Ni kuwa ga ni da sabon digiri a kimiyyar muhalli, kaina cike da dabaru kamar zai fashe. Na garzaya wurin tsohon malamina, ya ara mini ƙananan na'urorin auna ƙurar iska guda biyar, kowacce kamar kwalin sabulu. A taron ƙungiya na miƙe ina bayanin yadda za a rataya su, a tara lambobin da suke aikowa, a zuba su a taswirar da mutum zai danna ɗigo ya ga awon wurin. Ban kai ƙarshe ba Yaya ya ɗaga hannu.

"Auta, zauna haka nan. Abin da kike ta kewaye-kewaye a kai, ni na riga na gama shi a kaina."

Ciyaman ɗin ƙungiyar, wani dattijo da in ya fara jawabi sai an kashe masa lasifika, ya ce, "Injiniya, za ka iya?"

"Ranka ya daɗe, taswira ce fa kawai. Zan yi muku wadda in jami'ar nan ta danna, sai ta ji hayaƙin a maƙogwaronta. Manajan masana'antar nan da ƙafarsa zai zo ya ba Umma haƙuri."

Telan layinmu ya ce, "Kamar yaushe za ta kammala?"

"Wannan ai aikin..."

Duk ɗakin ya ƙarasa masa.

Aka tafa, aka damƙa masa aikin. Ni aka naɗa ni mai riƙe tsani.

Muka rataya ɗaya a katangar masana'antar, ɗaya a shagon tela, ɗaya wurin mai wanki, ɗaya a ƙofar Ciyaman. Ta biyar, ta gidanmu, na ce a sa ta a tagar Umma, tunda ita ce mai tarin.

"Wayar cajin ba za ta kai ba," in ji Yaya. Ya maƙale ta a bayan ɗakinsa, inda soket yake.

"Yaya, nan fa janaretanka yake."

"Janaretana ba ya hayaƙi, numfashi yake yi."

Da lambobi suka fara taruwa, ya jawo kwamfutarsa tsakar gida, ya kira maƙwabta su zo su ga abin tarihi. Ya samo wasu layukan umarni a intanet, waɗanda mu 'yan boko ke kira kod, ya manna su yadda suke, ya murza yatsu, ya danna. Allo ya cika da jan rubutu.

Mai wanki ya leƙo. "Wannan jan shi ne hayaƙin?"

"Gaisuwa ce take yi," in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, cewa take yi layi na sha biyu yana neman wani abu da bai samu ba. Bari mu karanta."

"Karatu kuma? Auta, kwamfuta kamar yaro ce. In ka biye wa kukanta, ba za ka yi aikin komai ba."

Ya goge layi na sha biyu. Ta koka da na sha uku, ya goge shi. Haka ya yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire ƙaya daga kifi, har kod ɗin ya rame. Can sai ga taswira ta buɗe, shuɗiya shar, da ɗigo biyar a tsakiya.

Aka matso ana kallo.

Tela ya gyara tabarau. "Injiniya, wannan shuɗin fa?"

"Sararin sama ne. Ai iska muke aunawa."

Na ja taswirar baya kaɗan. Sai ga gaɓar ƙasa can nesa, mu kuwa muna tsakiyar teku, ko tsibiri babu kusa.

"Ashe shi ya sa kasuwa ta yi mini wuya," in ji tela. "Wa zai shiga jirgin ruwa don a rage masa wando?"

Mai wanki ya ce shi kam ya gode, ruwa ya zo masa har gida. Umma, daga bakin ƙofarta, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Ɗan nan, in ka tashi dawo da mu, ka taho mini da kifi."

Yaya ya sha mur. Ya ce tauraron ɗan'adam ne ya gota, kuma dama an san yana yin haka in akwai hadari. Na raɗa masa cewa kowane wuri lambobi biyu gare shi, ɗaya ta kudu da arewa, ɗaya ta gabas da yamma, shi kuma ya sa kowacce a gurbin 'yar'uwarta. Gyaran layi ɗaya ne.

"Na sani. Gwada ki nake yi, in ga ko digirin nan na gaske ne."

Maimakon ya gyara layin, sai ya shiga juya lambobin da hannu, na'ura bayan na'ura, yana yi yana amsa waya. Sannan, don kada ruwa ya sake shigo mana, ya kashe shimfiɗar taswirar gaba ɗaya. Teku ta ɓace. Tituna ma suka ɓace, da gidaje, da komai. Saura farin fili da ɗigo huɗu.

"Yaya, biyar ne fa."

"Na Ciyaman ne bai fito ba. Babban mutum ba ya zuwa da wuri."

Washegari sabuwa ta ɓullo. Na'urorin suna aiko da awo ba ƙaƙƙautawa, shi kuma ya umarci kwamfuta ta zana ɗigo ga kowane awo. Dubban ɗigo suka hau kan juna. Kwamfutar ta ɗau zafi, ta fara gurnani kamar babur a kan tudu, ta sandare. Ya ɗaga ta sama yana yi mata fifita da murfin tukunya.

Umma ta ce, "Da ka gyara fankata, da yanzu ta yi maka rana."

Na ce a haɗa awon kowace na'ura a fitar da matsakaici, ɗigo ɗaya ya wadatar. Na ƙara da cewa za a iya sa maɓallin da zai nuna safe da yamma, a sa kibiyar da ke nuna inda iska ke kaɗawa, har ma a...

"Auta, dabarunki sun fi ki yawa. Je ki ɗauko mini caja."

Kafin in dawo ya fitar da matsakaicin, yana gaya wa mai wanki cewa dabarar ta zo masa ne yana wanka.

Duk wannan aiki kuwa da janareta ake yin sa, don wutar layinmu ta ɗauke. Tun safe Yaya zai ja igiya, abin ya yi tari ya kama, ya yi ta numfashinsa a ƙarƙashin na'ura ta biyar har yamma. Kullum ya duba, ɗigo ɗaya a cikin huɗun nan yana ƙara ja.

"Kin gani? Ga masana'antar nan. Kullum ƙara muni take yi. Mutanen nan ba su da imani."

"Ta yaya ka san ita ce, tunda babu tituna?"

"Wa kike tsammani, shagon tela?"

Ana jibi jami'a za ta zo, jan rubutu ya dawo. Wannan karon layi ɗaya ne, yana ta maimaita kansa. Na leƙa ta kafaɗarsa na karanta: na'ura ta ɗaya tana aiko da ɗari tara da casa'in da tara ƙasa da sifili.

"Yaya, babu iskar da ke da ƙura ƙasa da sifili. Malamina ya ce wannan lambar ita ce kukan na'urar. In ta aiko ta, tana nufin ta toshe ko ta lalace. Mu ɗauki tsani mu je mu duba."

"Mu je mu duba, mu je mu karanta. Ke komai sai an wahala?"

Ya gyara zama, ya rubuta wani ɗan layi, ya naɗe kod ɗin duka a cikinsa. Ma'anar layin ita ce: duk kuskuren da kika gani, ki yi shiru ki wuce. Ya danna. Ko ɗigon ja na rubutu bai fito ba.

"Na koya mata ladabi," ya ce. "Abin da jami'arku ba ta koyarwa ke nan."

Na kai ƙara wurin Ciyaman. Ya saurare ni da kyau, sannan ya yi mini jawabi a kan girmama na gaba tun daga zamanin kakanninsa, har na manta abin da ya kawo ni. Da na dawo, Yaya ya sa wa kwamfutar kalmar sirri, ya kulle tsanin a ɗakinsa tare da fankar Umma.

Ranar taro, ɗakin ƙungiya ya cika har taga. Umma ta zo da gyalenta a hanci, ta zauna a gaba. Jami'ar ta iso, mace mai ƙaramar murya da ba ta ɓata kalma. Manajan masana'antar ma ya zo, cikin fararen kaya tas, yana murmushin wanda aka gayyata biki. Yaya kuwa ya ɗaure wuya da taye, ya aro sandar nuni, ya haska majigi a bango.

Ciyaman ya buɗe taro. Da aka samu aka karɓe lasifikar, Yaya ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, abin da za ki gani yau, ko a manyan ƙasashe sai an yi layi. Kore lafiya, rawaya hattara, ja kuwa halaka." Ya buga sandar a kan jan ɗigon. "Duk wanda ke da alhakin wannan wuri, ba shi da tausayi, ba shi da kunya, kuma ina roƙon hukuma ta rufe shi yau, kada a saurari magiyarsa."

Aka tafa. Manaja ya daina murmushi.

Jami'ar ta ce, "Ina titunan?"

"Mun cire su ne don kada su raba hankali."

"A mayar."

"Wannan zai ɗauki..."

"Minti biyu," in ji wani daga baya.

Ba ta jira ba. Ta jawo kwamfutar gabanta, ta danna wani ɗan akwati a kusurwar taswirar. Tituna suka fito ɗaya bayan ɗaya, ga kwalbati, ga shagon tela, ga babban filin masana'antar. A jikin katangarta ɗigo kore shar, kamar ganyen da aka wanke. Jan kuwa yana can ƙarshen layi, a gida na uku daga kwana.

Mai wanki ya karkata kai. "Wannan ba gidanku ba ne, Injiniya?"

"Taswirar ce ta juye."

"Shagona dai yana inda na bar shi," in ji tela.

Jami'ar ta danna jan ɗigon. Wani ɗan allo ya buɗe, da awon da kuma sunan da Yaya ya ba na'urar a cikin kod ɗinsa, wanda bai san zai fito fili ba. Ta karanta a hankali: "Fadar Injiniya."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Yaya ya kai hannu zai rufe kwamfutar, ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya mayar da hannun aljihu.

Ta danna na gaba. "Tela mai cin yadi."

Tela ya miƙe tsaye. "Ni? Ni da na ɗinka maka rigar da ke jikinka?"

"Baba Tela, suna ne na wucin gadi..."

"Shi ya sa hannun rigar ya ɗangale," in ji mai wanki, yana share hawayen dariya.

Ta danna na uku. "Mai wanki, gwanin ƙona kwala."

Mai wanki ya daina dariya.

Ciyaman, da ya ga an taɓa kowa ban da shi, ya gyara hula. "Ranki ya daɗe, ni ban ga gidana ba."

Jami'ar ta ja taswirar baya. Unguwa ta ƙanƙance, gari ya ƙanƙance, ƙasa ta ƙare, shuɗi ya shigo. Can a tsakiyar teku, shi kaɗai, ga ɗigon Ciyaman yana lilo. Ta danna.

"Tsoho rediyo mai jini."

A karo na farko tun da na yi wayo, Ciyaman ya buɗe baki bai ce komai ba.

Manaja ya miƙe, bakinsa har kunne. "Ranki ya daɗe, ni ba ni da ta cewa. Masanin unguwa da kansa ya nuna iskar katangarmu ta fi ta ko'ina tsabta. Ina roƙon a ba ni kwafi in rataya a ofis. Kuma ina goyon bayan a rufe wancan jan wurin yau, kamar yadda ya nema, kada a saurari magiyarsa."

Na dubi Umma. Ta sauke gyalen daga hancinta, tana kallon koren ɗigon nan, ba ta dariya. Bututu na biyu nake gani a idonta.

Na miƙe. "Ranki ya daɗe, saura ɗigo ɗaya ba ki danna ba."

Ta danna koren. Sunan da ya fito ba zan maimaita shi a nan ba, amma manaja ya zauna. Ita kuwa ba sunan take kallo ba.

"Ɗari tara da casa'in da tara ƙasa da sifili," ta ce. "Kwamfutar ba ta yi gargaɗi ba?"

"Ta yi ɗan surutu," in ji Yaya, "na shawo kanta."

"Ina na'urar?"

Haka taro ya tashi ɗungurungum zuwa katangar masana'anta, jami'a a gaba, mai wanki ɗauke da tsanin da aka ƙwato daga ɗakin Yaya. Ni na hau, na kwance na'urar, na miƙo. Fara ce lokacin da muka rataya ta. Yanzu ta koma kamar gindin tukunya.

Manaja ya matso. "Wataƙila dama lalatacciya ce. Kawo in gani."

Ya karɓa, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa murfin da yatsa don ya nuna ƙarya ce. Murfin ya buɗe. Baƙin gari ya zubo masa tun daga ƙirji har takalmi.

Mai wanki ya dubi fararen kayan da idon sana'a. "Wannan ba zai fita ba, ranka ya daɗe. Na sha gwadawa."

Jami'ar ta sa na'urar a leda, ta ɗaure. Ta ce taswirar ba hujja ba ce, ko kusa, amma na'urar da ta shaƙe ta mutu a jikin katanga abin dubawa ce. Ba za a rufe ƙorafin ba, ba kuma za a ba da izinin bututu na biyu ba, sai an sake awo na wata guda a tagogi da yawa, wanda hukuma za ta duba da kanta. Sannan ta juya ga Yaya, wanda mai wanki ya riga ya tona mata asirin janaretansa.

"Awo ɗaya ne ingantacce a taswirarka, na fadarka. Kai ka nemi a rufe, an karɓa. Kada a sake tayar da janaretan nan a tsakar gida."

A hanyar komawa Yaya yana baya, tela da Ciyaman sun sa shi a tsakiya, Ciyaman ya samu muryarsa ta dawo, da alama kuma sai ya biya bashin shirun da ya yi. Duk da haka, da muka shiga gida, ya kwance taye ya ce wa Umma, "Kin ga dabarar ko? Da ban bar na'urar ta toshe ba, da me za a zuba wa manajan?"

Umma ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Kawo mini fankata yadda take."

Yanzu aikin yana hannuna. Malamina ya ƙaro na'urori, na dawo da duk layukan da aka goge, kuma kowane jan rubutu sai na karanta shi har ƙarshe, ko da zagina yake yi. Abin da ya rage mana tagogi ne, kuma wata guda ba ya jira.

Saboda haka, mai karatu, in kana zaune a inda bututun nan ke iya ganin tagarka, ka zo shagon tela ka ce a turo Auta, in rataya maka na'ura. Ba ta cin wuta, ba ta ƙara, kuma sunanka na gaskiya zan sa mata. Ka taimaka Umma ta buɗe tagarta. In kuwa ka ga wani mai taye ya biyo ni yana cewa zai duba maka ita a minti biyu, ka ba shi kujera, ka ba shi ruwa, ka ɓoye tsani.